Sista Baranda, Mai Bin Mutum a Baya da Kujera

Kafin masu shara su gama da barandar sashen masu ciwon huhu, ta riga ta iso. Takan ajiye jakarta a ɗan ɗakin da ke gindin matakala, ta sauya takalmi zuwa wani mai taushi da ya sha duniya, sannan ta bi barandar daga wannan kai zuwa wancan, idonta a ƙasa. In ta ga ruwa, sai an goge. In wani ya bar gadon tura marasa lafiya a kan hanya, ta janye shi da kanta tana mita. In siminti ya ɓare a wani wuri, ta tsaya ta shafa shi da ƙafa, ka san yau masu gyara ba su da kwanciyar hankali. Sai ta tabbatar babu abin da zai kayar da mutum, sannan ta fito da kayan aikinta. Ba su da yawa: agogo, da ɗan abin nan da ake maƙala wa mutum a yatsa ya nuna yawan iskar da ke cikin jininsa, da wata kujerar roba da rana ta cinye wa launi.

Sista Baranda muke ce mata. Likitoci ma haka suke kiranta. Aikinta koya wa manya tafiya. Kar ka yi dariya, ni ma na yi, na kuma daina. Mutanen da take karɓa masu ciwon huhu ne irin wanda ba ya warkewa, waɗanda in sun tashi daga gado zuwa banɗaki sai sun dafa bango suna haki kamar an koro su. Takan tsayar da mutum a bakin baranda, ta danna agogo, ta ce, "Bismillah, tafi da saurin da jikinka ya ba ka." Sai ta sungumi kujerar ta bi shi. Ba ta shiga gabansa, ba ta jerawa da shi. A baya take. In ƙafa ta ƙi, kafin ya waiwaya kujera tana bayan gwiwarsa.

Barandar tana da tashoshi da marasa lafiya suka raɗa wa suna. Akwai tagar magani, sai famfo, sai can ƙarshe gindin mangwaro. A wurin nan ba a cika tambayar mutum yaya jiki ba, sai dai a ce, "Yau ina ka kai?" Wanda ya ce mangwaro, ranar da shi ake hira.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, duk da ni da biro ba mu saba ba. Ni mai walda ne, kuma wanda ya san ni ya san ba na yabon mutum. Ƙofar da na haɗa da hannuna ma, in ta karkace, ni ke fara zaginta. Amma abin da matar nan ta yi wa gidanmu, in na yi shiru na ci amana.

Yayana ne sanadin haɗuwarmu. Yaya ya yi rayuwarsa a injin niƙa. Tun ina yaro nake ganinsa yana dawowa gida fari fat, gira da gashin baki duk gari. Tari ya fara, muka ce ƙura ce, za ta wuce. Tari ya zo ya zama haki. Likita ya sa shi ya busa wani bututu, ya duba hoton ƙirjinsa, ya ce hanyoyin iskar huhunsa sun tsuke kuma ba za su koma yadda suke ba. Ya ce akwai maganin shaƙa da zai riƙe shi, amma ya rabu da injin. Ya rabu da shi.

Mu kuma muka tashi nuna ƙauna. Matarsa, wadda nake tsokana da "matarmu", ta hana shi ɗaga ko tsinke. 'Ya'yansa in ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, rige-rigen miƙa masa suke yi. Ni kuwa na ce ga inda sana'ata za ta yi rana. Na haɗa masa kujera. Har gobe ina faɗa, ban taɓa yin aiki mai kyanta ba. Ƙarfe mai kauri, katifa a mazauni da majingina, wurin ɗora ƙafa, wurin ajiye kofi da rediyo a hannun dama, ga tayoyi masu birki. Da safe a tura shi ƙofar gida ya sha iska, rana ta yi a turo shi ciki. Maƙwabta har leƙowa suke yi su ga kujerar. Yaya ya shiga cikinta, bai ƙara fitowa ba sai in kwanciya za shi.

Abu ɗaya kujerar ta kasa, hawa bene. Innarmu tana zaune wurin Auta, ƙanwarmu, a saman wani bene mai matsattsiyar matakala. Tun da ta faɗi ƙugunta ya karye ba ta sauko ba, idonta kuma ya tafi, sai kunne. Yaya ne babban ɗanta, kuma a da duk yamma in ya rufe injin sai ya hau ya gaishe ta kafin ya wuce gidansa. Da ciwo ya yi ƙarfi, zuwan ya yanke. Muka haɗa baki muna ce mata aiki ne ya yi masa yawa. In sun yi waya, yakan tara numfashi ya yi gaisuwa a gajarce, ya kashe kafin tari ya tona masa asiri.

Na ce masa, "Yaya, bari in samo ƙarti mu ɗauke ka mu hau da kai."

Ya dube ni ya ce, "Matar da ta goye ni, ba za a kai ni gabanta a ɗauke kamar buhu ba. In ban hau da ƙafata ba, na haƙura."

Yaya ba ya magana biyu. Inna kuwa kullum ƙara tsufa take yi.

Likita ne ya tura mu wurin Sista. Na turo Yaya cikin kujerarsa ina jin kaina, don na ga yadda mutane ke kallonta. Sista ta zagaya kujerar, ta ƙwanƙwasa ƙarfen, ta leƙa haɗin.

"Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Ni."

"Kai, hannunka yana da kyau. Ko tabon walda ba a gani."

Sannan ta ciro tef irin na tela daga aljihu, ta ce, "Baba, in auna ƙafarka?" Ta zagaya tef ɗin a cinyar Yaya ta kan wando. Da ta matse, wandon ya tattare. Mutumin da yake ɗaga buhu shi kaɗai ya juye a injin, cinyarsa ta dawo kamar damtsen hannuna. Kullum ina ganinsa, amma a zaune, cikin manyan kaya.

Ta ce, "Baba, yaushe rabonka da ka tashi ka ɗebo ruwan sha da kanka?"

Yaya ya yi murmushi. "Su bar ni?"

Ta miƙe ta juyo kaina. "Mai walda, gobe ka cire tayoyin nan."

"In cire me?"

"Tayoyin. In kana jin tausayinsu, ka bar kujerar a shago."

Na ce, "Sista, da girmanki. Mutum huhunsa ya lalace, taku kaɗan yana neman shiɗewa, ki ce ya yi tafiya? Injin da ya ɗau zafi kashe shi ake yi ya huce."

Ta ce, "Injin da aka kashe aka ajiye shekara, in ka zo tayarwa yana tashi?"

Gaskiyarta, ba ya tashi.

Ranar ta sa Yaya ya yi tafiyarsa ta farko. Ko tagar magani bai kai ba, ya zube a kujerar roba yana haki, ni kuma ina jin kamar in rufe matar nan da faɗa. Muna nan sai ga wani dattijo siriri, tsohon direban babbar mota, ya wuce mu ya kai mangwaro ya dawo, yana tari amma yana tafe. Da ya zo daidai Yaya ya ce, "Mai niƙa, batir ne ya mutu? A ba ka turi?"

Na ce, "Kai naka da sauƙi, shi ya sa kake da bakin magana."

"Da sauƙi? Ni da likita ya ce rabin huhuna ya tafi hutu? Sista, faɗa masa, na yarda."

Ta ce gaskiya ne, busar Direba da ta Yaya kusan ɗaya ce. Na ce to ban yarda ba sai an yi min bayani. Huhu iri ɗaya, wannan ya kai mangwaro, wannan bai kai taga ba?

Ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Ciwon nan a huhu yake farawa, amma ba kullum yake tsayawa a can ba. Huhun da ya sha ƙura ko hayaƙi shekara da shekaru, a kumbure yake ta ciki, kamar gyambon da ya ƙi rufewa, jiki kuma yana ta faɗa da shi ba hutu. A wasu mutanen faɗan ba ya tsayawa a ƙirji, sai ya bi jini ya zagaye jiki. Kumburi ne da ido ba ya gani, sai gwajin jini. Yana kashe sha'awar abinci, yana kawo kasala, yana cin naman cinya a hankali. Gwajin da likita ya yi wa yayanka ya nuna nasa ya hau. Kuma a barandar nan, sau da yawa wanda nasa ya hau shi ke tsayawa kusa, ko da busarsa ba ta fi ta wani muni ba."

Ta ga fuskata ba ta sake ba, sai ta ce, "Ƙofar ƙarfe ta waje, a ina take fara ruɓewa?"

Na ce, "A gindi."

"Me ya sa? Ai ruwa daga sama yake zuwa."

Na ce, "Ta sama yake shiga, ya bi cikin bututu ya sauka ya kwanta a ƙasa. Ka ga fenti lafiya lau, ranar da ka dafa sai ƙafar ta karye."

Ta ce, "To ka ba kanka amsa."

Ni dai ban saki ba. Na ce, "Tafiyar ce za ta kashe kumburin?"

"Ba zan yi maka ƙarya ba, wannan masu bincike suna kai, ban ce tana kashewa ba. Kumburi na likita ne da magani, da nisantar ƙura da hayaƙi, da saurin zuwa asibiti in mura ta sauka ƙirji. Abin da na sani shi ne, ƙafar da aka ajiye ta fi saurin narkewa, kuma ƙafa mai ƙarfi ba ta cin iska da yawa. Huhunsa ba zan iya gyarawa ba. Cinyarsa kuwa, in kun bar min ita, za mu gwada."

Sannan ta tambayi Yaya abin da babu wanda ya tambaye shi a cikinmu. "Baba, in ƙafar nan ta dawo, ina kake so ta kai ka?"

Ya ce, "Wurin uwata. Tana saman bene."

Ta ce, "To can za mu."

Tayoyin dai ban cire ba, raina bai ba ni ba. Sai na haɗa wata kujerar da siririn bututu, mai naɗewa, ba katifa ba komai. Na kawo mata ina jin kunyar aikin. Ta ɗaga ta da hannu ɗaya ta ce, "Yauwa. Wannan ta hutawa ce, waccan ta zama ce." Daga nan ta koya min bin Yaya, don mu riƙa yi a layinmu ranakun da ba ma zuwa asibiti. Ban iya ba da farko. Ni mutum ne mai gaggawa, kafin in ankara na wuce shi ina cewa, "Yaya, daure, saura kaɗan."

Sai in ji muryarta. "Mai walda, ja baya. In ka shiga gabansa zai bi saurinka ya faɗi. In ka jera da shi zai ji kunya ya ƙi tsayawa. Ka bi shi a baya, ka rufe baki."

Rufe bakin ne ya fi ba ni wuya.

Matarmu ita ce ta fi shan wahala. Sista ta zaunar da ita ta ce daga yau a mayar da rediyon Yaya ɗaya ɗakin, ruwan sha ya zauna a kicin, in yana so ya tashi ya ɗauka. Matarmu ta fashe da kuka. "Sista, me mutane za su ce? Ina zaune, miji mara lafiya yana ɗebo wa kansa ruwa? Ga danginsa nan, wannan ma da kike gani bakinsa ba linzami."

Na ce, "Matarmu, ni me na yi?"

Sista ta kama hannunta ta ce, "'Yar'uwa, ƙaunar da kike masa ban ce ki rage ba, wurin zuba ta za ki sauya. Ki mayar da ita tukunya. Ƙwai, wake, kifi, kaɗan-kaɗan sau da yawa, don in cikinsa ya cika numfashi yana yi masa wuya. Duk wanda ya yi magana ki turo min shi." Matarmu ta yi yadda aka ce, amma ta faɗa min makon farko in Yaya ya tashi ɗebo ruwa, bayan ƙofa take laɓewa tana leƙensa tana share hawaye.

Ba mu kaɗai ba ne shaida. A bencin jira na ji labarai da yawa. Akwai wata Goggo da ta yi shekaru tana dafa abincin sayarwa a rufaffen kicin, hayaƙin itace ya gama da ƙirjinta. Ta ce a bayan ɗanta ta fara zuwa wurin nan, yanzu ita ke zuwa kasuwa ta zaɓi kayan miyarta, don surukarta ba ta iya zaɓe ba. Akwai wani tela da ya daina wanka sai da goge jiki, saboda in ya ɗaga hannu zai wanke kai numfashinsa ɗaukewa yake yi, kuma kunya ta hana shi faɗa wa kowa. Sista ce ta lura, ta ja shi gefe, ta koya masa wanka a zaune da fitar da numfashi ta ɗan tsukakken baki kamar mai hura shayi. Ya ce ranar da ya yi wanka cikakke ya fito, ji ya yi kamar an sallame shi daga kurkuku.

Kuma kar ka ɗauka turawa kawai ta iya. Na ga ranar da Direba ya so ya burge wasu baƙi, ya ƙara wuta alhali leɓensa ya fara sauya launi. Ta duba abin yatsan, ta daka masa tsawar da sai da masu karɓar magani suka waiwayo. "Zauna! Nan ba titi ba ne!" Ya zauna kamar ɗan makaranta. Na kuma ga waɗanda tafiyarsu kullum raguwa take yi, ciwo ya fi ƙarfin kowa. Ba ta kore su ba, ba ta kuma yi musu alƙawarin ƙarya ba. Wani tsoho da bai taɓa wuce tagar magani ba, haka ta bi shi da kujera duk zuwansa, kamar shi ne zai kai mangwaro.

Sista, ke ce kika san bambancin hakin da za a daure da hakin da za a tsaya. Ke ce kike kallon bayan mutum ki san abin da ke ƙirjinsa. Mu muna ganin mara lafiya, ke kina ganin mai niƙa, da tela, da direba, mutanen da suke da inda za su.

Yaya ya wuce taga. Ya daɗe yana fama, ya kai famfo. Ranar da ya taɓa kan famfon, Direba ya ce, "Lallai an sa sabon batir." Muka fara lissafin mangwaro. Sai wata safiya ya tsaya tun kafin taga, ya ce ƙafarsa kamar an ɗaura mata dutse. Ni na ce bai yi barci ba ne. Babu zazzaɓi, tarin ma bai fi na kullum ba. Sista ta tambayi matarmu ko yana cin abinci, ta ce kwana biyu sai tsakura. Nan take ta tsayar da agogo ta ce yau ba tafiya, ta kai shi wurin likita da kanta. Likita ya duba shi, ya sa aka ɗebi jini, ya ce kumburin ya tashi sosai, ƙwayar cuta ce ta sauka ƙirjinsa. Ya ce gara da aka zo da wuri. Aka kwantar da shi.

Da aka sallame shi, duk abin da ya tara ya zube. Cinyar da ta fara cika wando ta koma. Ya tsaya a bakin baranda ya hango famfo, ya ce da ni, "Ɗauko min kujerarka mai taya. Na gaji."

A makon ne kuma Auta ta kira ni ta ce jikin Inna ya yi sanyi, ba ta son abinci, kuma duk wanda ya hawo matakala sai ta ɗaga kai ta saurara, in ta ji ba shi ba ne ta mayar da kai. Na zo na faɗa wa Sista a gaban Yaya, na ce ni dai a bar ni in kira ƙartin nan, ko yana so ko ba ya so.

Ta ce, "Ba kai za a ɗauka ba, ba kai za ka yanke ba." Ta jawo kujerar roba ta zauna a gabansa. "Baba, ba zan ɓoye maka ba. Duk lokacin da ciwon nan ya tashi, yana ɗiban ƙafa da sauri, dawowarta kuma a hankali take yi. Amma ƙafar da ta taɓa zuwa famfo ta san hanya. In ka ce a ɗauke ka yau, ba abin kunya ba ne, ni zan nuna musu yadda za su riƙe ka. In ka ce da ƙafarka, to mu bar zancen mangwaro, mu koma matakala. Ban san ko lokaci zai jira mu ba. Kai za ka zaɓa."

Yaya ya dube ta. Sannan ya ce, "Ina matakalar?"

Akwai wata a bayan sashen da ba a cika bi ba. Can muka koma. Ta koya masa ya shaƙi iska a tsaye, ya fitar yayin da yake ɗaga ƙafa, ya haɗa ƙafa biyu a taki ɗaya kafin ya nemi na gaba. Ta sa na je na duba benen Auta na zo na faɗa mata inda yake da faɗin da za a buɗe kujera, da ko ƙarfen dafawa yana da ƙwari. Ba shi da ƙwari, na je na gyara. Kullum in waya ta yi ƙara na ga Auta ce, sai na yi addu'a kafin in ɗauka.

Ranar da ta ce ya isa, na roƙe ta ta bi mu. Ta ce, "A'a. Ba ni Inna take jira ba. Ka iya, ka dai rufe baki."

Da la'asar muka je. Ya shaƙi maganinsa a gindin bene, ya dafa ƙarfe, ya fara. Ina bayansa da kujera a kafaɗa, numfashinsa ya cika matakalar kamar zarto. A kwanar farko na buɗe kujera ya zauna. Na ga gumi yana ɗiga daga haɓarsa, maganganu sun cika min baki, na haɗiye su. Ya tashi da kansa. Ya sake zama a gaba. Auta tana tsaye a sama ta toshe baki da mayafi. Da ya taka na ƙarshe bai tsaya ba, ya wuce ɗakin, ya durƙusa a bakin gado. Ya kasa ko sallama.

Inna ta miƙo hannu ta laluba fuskarsa, ta sauko kafaɗarsa. Ta ce, "Babba, tun daga ƙasa nake jin ka."

Ya samu ya ce, "Inna, aiki ne ya…"

"Rufe min baki. Ido na rasa, ba kunne ba. Kun ɗauka a waya ba na jin yadda kake jan numfashi? Na bar ku ne ku yi ta ƙaryarku." Ta matsa damtsensa. "Ka rame. Wa ya hawo da kai?"

Ya ce, "Ƙafata."

Ta ce, "To a ba shi ruwa. Auta, ni ma zubo min abincin nan."

Ni dai na fita na tsaya a matakala, don wani abu ya shigar min ido.

Yaya bai warke ba, kuma ba zai warke ba. Maganin shaƙarsa yana aljihu, in sanyi ya shigo hankalinmu ba ya kwanciya. Amma duk mako yana hawa benen nan. Inna tana nan da ranta, har ta fara ƙorafin yana zuwa daidai lokacin barcinta. Kujera mai taya kuwa tana shago, da ita muke jigilar tukunyar gas, kuma ba ta taɓa ba mu matsala ba. Na ce muku aikin yana da kyau.

Jiya na kai wa sashen kujeru masu naɗewa da na haɗa, don ta robar nan ta tsage, kuma wadda za ta gaji Sista ta samu abin farawa. Na tarar an tashi aiki, tana shirin tafiya. A nan na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba, don kullum ita ce a bayanmu: tana ɗingishi. Shekarun da ta yi tana auna barandar nan da kujera a hannu sun ci gwiwarta. Ta rataya jaka ta kama hanya a hankali. Na ɗauki kujera ɗaya na bi ta. Muka wuce tagar magani. Muka wuce famfo. Ba ta waiwayo ba, sai na ji ta ce, "Mai walda, ka matso da yawa. Ja baya."

Na ja baya. Sai da ta kai mangwaro ta tsaya, na buɗe mata, ta zauna.

Sista Baranda, uwar masu haki, mun gode. Inna ta ce a gaishe ki, ta ce ba ta san fuskarki ba amma kina cikin addu'arta. Allah ya ba ki lafiyar gwiwa, ya sa ki huta hutun da ba na zama ba, ya ba ki masu bin ki a baya kamar yadda kika bi namu.

Ku kuma masu karatu, in kuna da mai irin wannan ciwo a gida, ku kai shi asibiti a duba huhun, a duba jinin, a kuma duba ƙafar. Kada ku sa shi tafiya da ka, sai masu aikin sun nuna muku iyakarsa. In sun nuna muku, to ku daina rige-rigen miƙa masa kofi. Ku tambaye shi inda yake so ƙafarsa ta kai shi. Sannan ku ɗauki kujera mara nauyi, ku bi shi a baya, ku rufe baki.